Ɓauna Biyu a Shafi na Shida

Ranar Asabar da ta wuce, a shagon mamak, wato irin gidan abinci da shayi na ƙasar nan, da ke kusa da tashar jirgi ta Taman Melati, inda muke haɗuwa mu sha shayi, ɗaya daga cikin ƙannenmu ɗalibai ya matso da kujerarsa ya ce da ni, har da "lah" ɗin nan da mutanen ƙasar ke liƙawa a ƙarshen magana, "Yaya Mu'azu, ka jona ni da wannan aikin naka mana. Ai ba wani abu ba ne lah. Ka buɗe intanet, ka kwafo, ka manna, ka sa hoton dutse da ruwa." Sauran suka yi dariya. Wani ya ce ai ni cin bulus nake yi, ana biyana ina yabon garuruwan da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Ban ba su amsa a wurin ba, domin ba na son furta maganar da ban auna ta ba. Na koma ɗaki na ɗauko littattafan da nake rubuta bayanan aiki a ciki, na duba su, sannan na zauna na rubuta wannan. Inda na tabbatar zan faɗa kai tsaye. Inda ban tabbatar ba zan ce ban tabbatar ba.

Sana'ata rubuta ƙasidun yawon buɗe ido ce, wato 'yan littattafan nan masu shafi takwas ko goma sha biyu da kamfanin tafiye-tafiye ke miƙa wa mutum ya gani ya yi sha'awar zuwa wani wuri. Na shiga cikinta bayan na gama digirin farko, ina jiran gurbin na biyu. Kamfanin ƙarami ne, a hawa na uku na wani tsohon gini a bayan manyan kantunan Bukit Bintang, kuma ba zan ambaci sunansa ba. Yawancin harkarsa Umra ce da kai iyalai tsibirai lokacin hutun makaranta. Aikin jinga ake ba ni, saboda ina da Larabci da Ingilishi, Malayanci kuwa ina lallaɓawa.

Wadda ta koya mini aikin wata dattijuwa ce, Puan Zaiton, wato Uwargida Zaiton, wadda ta shekara da shekaru tana gyaran kurakurai a wata maɗaba'a kafin ta zo kamfanin. Kayan aikinta huɗu ne: jan biro, rula ta ƙarfe, taswira ta takarda, da wayar tebur. Rular nan take ɗorawa a ƙarƙashin layi, ta rufe duk abin da ke ƙasa, ta karanta layin shi kaɗai, sannan ta sauke ta zuwa na gaba. Ƙa'idarta ɗaya ce: duk maganar da za a buga sai ta sami shaidu biyu waɗanda ɗaya bai ji daga ɗaya ba. Shafukan intanet goma da suka kwafi juna, a wurinta shaida ɗaya ne.

Aikina na farko ƙasidar wani otal ce. Na rubuta cewa tafiyar minti biyar ce daga tashar monorel, jirgin ƙasan nan da ke bi ta saman tituna, domin haka otal ɗin da kansa ya rubuta. Puan Zaiton ta cire agogon hannunta ta miƙo mini, ta ce in je in taka. Na dawo na ce minti tara. Ta nuna mini wata tsohuwar akwati a lungu ta ce in cika ta da kundin takardu in sake zuwa. Na dawo ina gumi na ce minti goma sha huɗu, kuma akwai matakala. Ta ce, "To yanzu ka zauna ka rubuta shi da tsohuwa mai ciwon gwiwa a ranka, ita ce za ta je." Daga ranar na fahimci cewa masu karatunmu iri biyu ne. Akwai wanda zai kalli hotuna ya yar. Akwai wanda zai gaskata kowace kalma, ya haɗa kaya, ya ɗauki iyalinsa. Wannan na biyun shi ne ke dawowa ofis da ƙasidar a nannaɗe a hannu kamar kulki.

Shekara biyu na yi a ƙarƙashin rular nan ba a dawo da ƙasidata ba. A shekara ta uku ido ya matsa wa Puan Zaiton, aka yi mata aiki, likita ya hana ta karatu na wasu watanni. A daidai lokacin ne maigidan kamfanin, wanda kowa ke kira Bos, ya ga abokan hamayyarsa sun fara kai mutane ƙauyukan Nepal su kwana a gidajen manoma. Ya ce shi ma yana so, amma garin da babu wanda ya riga shi.

Garin kuwa yana zaune a ƙofar gininmu, sanye da shuɗin yunifom. Maigadinmu na rana ɗan Nepal ne, Dhan Bahadur, mutum gajere mai kaurin damtse, wanda a lokacin ya shekara tara a ƙasar nan. Ina kiransa Dai, wato yaya a harshensu, shi kuma yana kirana Bhai, wato ƙane. Da Malayancin kasuwa muke magana. Abin da ya haɗa mu shinkafa ce. Wata rana ya gan ni na buɗe ƙunshin abincin rana ina murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu, ya ce, "Bhai, ɗan birni ba ya yi wa shinkafa haka." Na ce masa mahaifina manomin shinkafa ne a gefen kogin Haɗeja. Sai ya ja ni bayan rumfarsa ya nuna mini bokitan fenti biyu da ya cika da ƙasa ya shuka barkono da ganye. Ya ce idan bai taɓa ƙasa ba a yini, hannunsa ƙaiƙayi yake yi.

Da na kai masa maganar Bos, ya tsura wa littafin sa hannun baƙi ido. Sannan ya ce idan baƙi za su riƙa sauka a gidansa ko sau uku a shekara, to shi da gadi sun rabu. Kwantiraginsa saura wata bakwai ya ƙare. 'Yarsa tana goye ya baro ta, yanzu ita ce ke karanta wa uwarta saƙonninsa. Ya ce, "Ka rubuta shi da kyau, Bhai. Ka rubuta ni in koma gida."

Littafi biyu na cika da bayanan garin, mafi yawa a tsaye a gefen teburinsa lokacin hutun rana. Ba zan faɗi sunan garin ba, don kada in ƙara masa wata illa. Ƙaramin gari ne a inda wani rafi ya haɗu da babban kogi, tsaunuka sun kewaye shi. A bakin mahaɗar akwai wurin bautarsu mai jan rufi, da matakalar dutse da ke gangarawa cikin ruwa. Akwai gadar waya mai lilo wadda mutum da akuya ke bi, mota ba ta bi. Akwai kasuwa duk ranar Juma'a, da makarantar sakandare mai hawa biyu wadda yaran ƙauyukan tsauni ke saukowa, da ƙaramin asibiti mai ma'aikata biyu, da ƙungiyar masu madara inda kowa ke kai tasa da sassafe a auna maiƙonta. A ƙasan gari akwai dutsen niƙa da ruwa ke juyawa. Gonakinsu hawa-hawa ne a jikin tsauni kamar matakala: shinkafa a ƙasa kusa da ruwa, masara da tamba a sama. Bayan girbi suna shuka wani tsiro mai rawayan fure, su matsi mai daga 'ya'yansa kamar yadda muke yi da riɗi. Ruwan gona ta lambatu ɗaya yake zuwa daga rafi, kowane gida da ranarsa, wanda ya buɗe a ranar wani kuwa sai an zauna a kansa. Dashe kuma gayya suke yi, yau gonarka, gobe tawa. A nan na ajiye biro na ce, "Dai, wannan ai garinmu ne aka jingina da dutse." Ya yi dariya har ya dafa tebur.

Babu abin da na rubuta a nan da ban nemo masa shaida ta biyu ba. Na samo lambar wani malamin makarantar garin ta hannun matar Dhan, na kira shi sau huɗu. Na sa ya taka gadar ya ƙirga takunsa. Na tambayi rubutun sunan rafin har ya fara gajiya da ni. Da yake baƙinmu Musulmi ne, gidan kuwa ba na Musulmi ba, na nemo wani mahauci Musulmi a babban garin gundumar wanda ya yarda zai zo ya yanka akuya. Na fitar da alƙibla a taswira, na aika a zana kibiya a silin. Na ce a ajiye buta da tukwanen da ba a taɓa girki da su ba. A shafi na shida na rubuta cewa baƙo zai iya tashi da safe ya ga yadda ake tatsar ɓaunar gidan guda biyu, irin ɓaunar gida da suke kiwo kamar saniya. Har hotonsu na nema don in tabbatar biyun ne.

Saura layi ɗaya, wanda ke zuwa a shafin ƙarshe na kowace ƙasida: lokacin da ya fi dacewa da ziyara. Littafina ya nuna ranar Talata ce na tambaye shi. Na ce, "Dai, yaushe garinku ya fi kyau?"

Bai yi jinkiri ba. Ya ce watan da suke kira Asar, wanda ke kamawa daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli, watan dashen shinkafa. Ruwa ya sauka, kowace gona ta cika tana ƙyalli kamar madubi, mata sun jeru suna dashe suna waƙa, samari suna watsa wa juna taɓo. Da rana a zauna a kan kunya a dama wata shinkafa da aka daka ta yi fale-fale da kindirmo, a sha. Ya ce, "Wanda bai ga garinmu a watan nan ba, bai ga komai ba. Sauran shekara ai jira ne."

Ban nemi shaida ta biyu ba. Na daɗe ina bincikar kaina a kan dalili, kuma abin da na gano shi ne, maganarsa ta zo daidai da abin da na sani tun kafin in san harafi. Ka tambayi kowane ɗan manomi a ƙasarmu yaushe ƙasa ta fi kyau, zai ce maka damina, lokacin da ko'ina ya yi shar, dabba ta ƙoshi, mutum ya sami abin yi. Na san ambaliya, ta sha cinye mana gona. Amma ambaliyarmu sai damina ta tsufa take zuwa, wajen Agusta da Satumba, kuma a hankali take hawa, kana kallonta. Sai na ƙiyasta cewa ƙarshen Yuni farkon damina ne, lokacin lafiya. Ban taɓa zama a ƙasar da ruwan sama ke sauko da tsauni ba. A wurinmu ruwa kwanciya yake yi.

Alamu biyu sun zo, kuma ba zan ɓoye su ba. Ta farko, Bos ya shigo yana murna cewa tikitin watan ya fi na kowane wata sauƙi. Mu da muke cewa araha ba ta ado, ban tsaya na tambayi dalilin arahar ba. Ta biyu, mai motocin da za su kwashi baƙin daga Katmandu ya rubuto saƙo, a ƙarshensa ya sa ɗan layi cewa hanya takan ba da matsala a lokacin ruwa. Na sauka da takardar na nuna wa Dhan. Ya kaɗa hannu ya ce, "Mutanen birni ne, tsoron jiƙa takalmi suke yi. Ni da kayan masara a baya nake bin hanyar nan ana ruwa. Boleh, Bhai, za a iya." Gaskiya ya faɗa. Amma hanyar da ya sani ta ƙafa ce, ta kakanninsa. Hanyar motar bayan tahowarsa aka yanke ta a jikin tsauni da katafila, kuma sau biyu da ya je hutu duk da rani ya je. Wannan ma yana cikin littafina, da rubutun hannuna, shafi huɗu kafin tambayar. Ban haɗa su ba.

Aka buga ƙasidar. A can garinsu matar Dhan da ƙaninsa suka gina ɗaki biyu a gefen gidan, da banɗaki mai famfo kamar yadda na nema. Don a yi rufin, ta sayar da ɓauna ɗaya. Dhan ya gaya mini wannan yana murmushi, ya ce baƙi biyu-uku za su dawo da ita har da ɗa.

Mutum goma sha ɗaya suka tafi, yawancinsu malaman makaranta da suka yi ritaya da matansu. Sun sauka Katmandu lafiya. Kwana guda kafin su isa garin, tsauni ya zaftaro a kan hanyar motar, wajen tafiyar awa biyu kafin gadar. Ban tabbatar ko wuri biyu ne ko uku ba, direban motarsu ya faɗi wani abu, malamin makarantar garin ya faɗi wani. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni. Suka maƙale kwana huɗu a wani masauki kusa da tashar mota a babban garin gundumar, ruwa bai ɗauke ba, matsattsaku ya kama wata dattijuwa a ƙafa, maganin hawan jinin wani ya ƙare. A ɗaya gefen zaftarewar kuwa an share gida, an shimfiɗa sababbin katifu, 'yar Dhan ta haddace gaisuwar Malayanci. Mahaucin ma bai iya ƙetarawa ba. Ba baƙo ko ɗaya da ya ga kibiyar da ke silin.

Suka dawo da ƙasidar a nannaɗe. Ina zaune a teburina na ji Bos yana ba su haƙuri, yana cewa wani maigadi ne ya yaudari kamfani don ya tallata gidansa. Da suka fita na shiga na ce masa layin nawa ne, ni na rubuta, ni ban bincika ba. Ya ce, "Na sani lah. Amma kai ina buƙatar Larabcinka lokacin Umra. Maigadi kuwa a ko'ina akwai." Ya kira kamfanin gadin ya shigar da ƙorafi cewa ma'aikacinsu yana harkar kansa a bakin aiki. Ranar Litinin na tarar da wani a kujerar. Bokitan barkonon suna nan a bayan rumfa, har suka bushe.

Da Puan Zaiton ta dawo da sabon tabarau, ta nemi ƙasidar. Ta ɗora rula, tana sauka layi-layi, ba ta taɓa jan bironta ba har shafin ƙarshe. A nan rular ta tsaya.

"Wa ya faɗa?"

"Dhan Bahadur, Puan."

"Shaida na biyu?"

Na ce ni ma na san haka ne daga gida.

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Manoma biyu shaida ɗaya ne, Mu'azu. Ka tambaye shi yaushe gari ya fi kyau, ya amsa maka a kan shinkafa. Da direban bas ka tambaya."

Ga amsarku ke nan, ƙannena. Sunan rafi, takun gada, alƙibla, duk waɗannan ba su da haɗari, domin kun san ba ku san su ba, za ku tambaya. Layin da zai cuci wani shi ne wanda kuka karanta kuka ji ya kwanta muku a rai. Kuma ku sani, a sana'ar nan ba lalle ne mai biro ya ɗauki hukuncin kuskurensa ba. Ni har yau ina hawa na uku, a ƙarƙashin na'urar sanyi.

Wata biyar na yi ina tambayar masu gadi 'yan Nepal kafin in gano inda aka kai shi. Wani wurin gini ne a can ƙarshen Setapak, bayan inda bas ke juyawa, rumfar kwano ba fanka, manyan motocin siminti suna shiga suna fita. Na je da rana da kwali guda na ƙasidun, wanda na tsamo daga tarin da Bos ya ware wa mai sayen tsofaffin takardu. Ya rame kaɗan. Ya ce ya sabunta kwantiragi, shekara biyu. Ɗakunan nan biyu yanzu masara ake zubawa a ciki.

Na fara ba shi haƙuri da kalmomin da na shirya tun a cikin bas. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, domin wata mota ta iso. Ya rubuta lambarta, ya ɗaga mata shinge, ya sauke, sannan ya dawo ya buɗe kwalin ya zaro ƙasida ɗaya.

"Ni na ce maka watan dashe," in ji shi. "Yau ma ka tambaye ni, shi zan ce maka. Shinkafar bana ta yi kyau ƙwarai, an ce. Ban gani ba."

Ya ce zai aika wa 'yarsa su, ta kai makaranta, domin bai taɓa ganin takardar da ta rubuta sunan rafinsu daidai ba sai wannan. Yana buɗe shafukan a hankali da babban yatsansa mai kaushi, yana kallon gada, yana kallon gonaki. Ba ya karanta Ingilishi sosai, amma ya san inda komai yake, don na taɓa karanta masa ita daga bango zuwa bango. A shafi na shida ya tsaya.

"Bhai, kai ba ka son kuskure. Kana da jan biron nan?"

Na ce yana aljihuna.

Ya ɗora yatsa a kan layin. Ya ce, "Nan ka ce biyu. Ɗaya ce yanzu. Kada yaran makaranta su yi wa yarinyar dariya."

Ƙasida tamanin da shida ce a kwalin, na ƙirga. Na zauna a kan bulo a gefen rumfar, na ɗora su a gwiwa, ina buɗe shafi na shida ina soke biyu ina rubuta ɗaya, shi kuma yana ɗaga wa motoci shinge.